Motar da Ta Ɓuya Shekara Arba'in

Yau a kan mota zan yi magana, amma abin da nake nufi shi ne hujja, watau yadda masanin tarihi ke tabbatar da cewa abin da aka nuna masa shi ne ainihin wanda ake nema.

A cikin 1968 aka yi wani fim a birnin San Faransisko na Amurka mai suna Bullitt. Shahararren ɗan wasa Steve McQueen ne ya fito a ciki, yana tuƙa koriyar mota ƙirar Ford Mustang. Motoci biyu iri ɗaya aka yi aikin da su. Da aka gama, sai aka sayar da mai lafiyar, ta yi ta canja hannu har 1974, lokacin da wani magidanci a Jihar New Jersey ya ga tallarta a mujallar Road & Track, ya saye ta.

McQueen kuwa bai manta da ita ba. Ya bi sawunta har ya gano inda take, sa'an nan a watan Disamba na 1977 ya rubuta wa mai ita wasiƙa yana roƙon a sayar masa. Ba a sayar ba. McQueen ya rasu a 1980 bai sake mallakarta ba. A wannan shekara kuma kulocin motar ya lalace, aka jingine ta, iyalin suka riƙa ƙaura da ita daga jiha zuwa jiha, suka kuma kame bakinsu. Duniya ta ɗauka ta salwanta.

Bayan rasuwar mai ita a 2014, ɗansa ya tashe ta, aka nuna ta a bajekolin motoci na Detroit a watan Janairu na 2018. To, da me aka gaskata shi? Da farko lambar da masana'anta ta buga a jikinta, mai ƙarewa da 559, ta dace da rajistar Ford. Na biyu, ƙarafan da aka walda mata don ɗaura kyamara suna nan. Na uku, ga wasiƙar McQueen a ajiye. Salsalar masu ita ba ta yanke ba. Saboda haka a 2020 aka yi gwanjonta a Florida kan dala miliyan 3.4, da tsatsarta da komai.

Ma'aikata da ke nan su lura: ƙarfe bai ba da shaida shi kaɗai ba, takarda ce ta tsaya masa. Fayil ɗin da akawu ya wulaƙanta yau, shi ne wanda ɗalibin tarihi zai zo nema bayan shekara arba'in. In ya tarar gara ta cinye, sai dai ya koma ga ji-ta-ji-ta.