Fitar da Kaya Waje da Ƙarfin Gogayyar Ƙaramin Ɗan Kasuwa: Misalin Cinikin Wake a Zariya

Tun da aka buɗe ciniki a ƙarƙashin yarjejeniyar kasuwanci maras shinge ta Afirka a 2021, ana yawan cewa da zarar ƙaramin ɗan kasuwa ya fara fitar da kaya waje, ƙarfin gogayyarsa, wato iya karawa da takwarorinsa a farashi da inganci, zai ƙaru. Da alama an juya maganar ne, domin Bernard da Jensen (1999) sun nuna a masana'antun Amurka cewa wanda ya riga ya yi ƙarfi shi ke fita.

Sukar da ta fi nauyi a kan wannan ra'ayi tana dogara ne da Van Biesebroeck (2005), wanda ya gano cewa masana'antu a ƙasashen Afirka tara sun ƙara ƙwazo bayan sun fara fitar da kaya. Ba a musun sakamakon, sai dai koyo irin wannan yana buƙatar ƙorafin mai saye ya iso kunnen mai kaya, abin da da wuya ya faru ga mai rumfar wake a kasuwar Sabon Gari, wanda ke sayar wa dillali, dillali ya tura Dawanau ko Legas. Dillalin kan soka hannu a buhu, ya duba ko ƙwari sun huda ƙwayar, ya yi tayi. Ragowar fiya-fiyar da aka zuba don kashe ƙwarin ba ta ganuwa, saboda haka ba ta shiga lissafin farashi. Wannan ragowar ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, alhali a Samaru, tafiyar mintuna daga kasuwar, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta daɗe tana fitar da irin wake na SAMPEA, kuma buhu mai ninki uku da ke kashe ƙwari ba tare da magani ba sananne ne. Ilimin yana kusa, ladan amfani da shi ne ba ya isowa.

Hujjar dai ta tsaya ga amfanin gona guda da kasuwar Turai. A cinikin hatsi tsakanin arewacin Najeriya da Maraɗi, inda mai saye da mai sayarwa sukan san juna, kuma ƙorafi yakan dawo tare da motar da ta kai kayan, mai yiwuwa ra'ayin masu sukar ya fi kusa da gaskiya.