Tarihin Binciken Sifektirin da Matsayinsa a Cututtukan Jini na Ƙasar Hausa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bi diddigin yadda aka gano wani furotin mai suna sifektirin, da ƙwayoyin gadon da ke sarrafa shi, sa'an nan mu nuna abin da ya haɗa shi da cututtukan da suka addabi jama'armu. An saba a ajujuwanmu, in an zo maganar ciwon sikila, sai a tsaya kan himogulobin kaɗai, watau sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jar ƙwayar jini. A ganinmu wannan rabin bayani ne, domin an bar abin da ke riƙe da ƙwayar ita kanta.

Duk manomin da ke Karfi ya san ciyawar jinka ba ta zama sai bisa tsaiko. Ita ma jar ƙwayar jini tana da nata tsaikon a ƙarƙashin fatarta, sai dai ya fi kama da raga, don yana lanƙwasuwa ya koma yadda yake. Dole ne ya zama haka. Faɗin ƙwayar kimanin maikuron 8 ne (maikuron shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita), amma a cikin kwana 120 da take yi a jiki takan ratsa tsagogin saifa waɗanda ba su kai rabin faɗinta ba. Zaren wannan raga shi ne sifektirin. Igiya biyu ce aka tufka, ɗaya daga ƙwayar gado ta SPTA1 da ke kuromosom na 1, ɗaya daga SPTB da ke kuromosom na 14. Tufka biyu sukan haɗa kai, wutsiyoyinsu kuma su ɗauru ga wani furotin da ake kira aktin.

Likitoci sun ga ɓarnar tun kafin su san sanadinta. A 1904 Melvin Dresbach ya ba da rahoton wani ɗalibi a Ohio ta Amurka wanda ƙwayoyin jininsa suke da siffar ƙwai, irin wadda aka san jinin raƙumi da ita. Shekara shida bayan haka James Herrick ya bayyana ƙwayoyi masu siffar lauje a Cikago. Daga nan hankalin masana ya koma kan laujen. Linus Pauling ya nuna a 1949 cewa himogulobin ɗin mai sikila dabam yake, Anthony Allison kuma ya nuna a 1954 cewa wanda ya gaji sikila daga ɓangare ɗaya yana samun kariya daga zazzaɓin cizon sauro. Sai a 1968 Vincent Marchesi da Edward Steers suka ware sifektirin daga fankon ƙwayoyin da aka wanke cikinsu. Irin wannan fanko masu bincike ke kira fatalwa, kuma daga nan sunan ya samo asali.

A daidai wannan lokaci ne aka yi manyan ayyukan bincike guda biyu a ƙasarmu. Aikin Garki, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka gudanar daga 1969 zuwa 1976, shi ya ba Alan Fleming na Jami'ar Ahmadu Bello da abokan aikinsa damar auna jinin mutanen karkara. Rahotonsu na 1979 ya nuna kusan jarirai 2 cikin 100 ana haihuwarsu da cikakken ciwon sikila, amma da ƙyar ake samun mai shi cikin manya, watau akasarinsu ba su wuce ƙuruciya ba. A Malumfashi kuwa, jami'ar ta haɗa gwiwa da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful, aka yi nazarin tsargiya da sanƙarau da saran maciji da zazzaɓin cizon sauro.

Abin da ya haɗa waɗannan alƙaluma da tsaikon ƙwaya ya fito ne a 1976. Samuel Lux da abokan aikinsa sun ɗauki ƙwayoyin sikila waɗanda suka ƙage a siffar lauje, suka fitar da himogulobin ɗin duka, suka narkar da fatar. Ragar da ta rage ba ta miƙe ba, tana nan a lanƙwashe. Ke nan himogulobin ne ke fara lanƙwasa ƙwayar, amma in abin ya yi ta maimaituwa, tsaikon kansa ke sandarewa. Wannan na cikin dalilan da suka sa ƙwayar mai sikila ba ta wuce kwana 10 zuwa 20 a jiki.

Har ila yau ƙwayar cutar zazzaɓi da wannan raga take aiki. In ta shiga jar ƙwaya takan liƙa furotin ɗinta a jikin sifektirin, ta tayar da ƙuraje a bayan fatar, waɗanda da su ƙwayar ke mannewa a bangon jijiya ta kauce wa saifa. A 2011 masu bincike a Haidalbag ta Jamus suka nuna cewa tana ɓalle aktin daga ragar ta gina hanyar fitar da kayanta, kuma himogulobin na sikila yana dagula mata wannan aiki. Abin da Allison ya gani a 1954 ya sami wani ɓangare na bayaninsa bayan shekara 57.

Mu koma kan ƙwayoyin Dresbach. An tabbatar cewa yawanci aibi ne a ƙwayoyin gadon sifektirin, musamman SPTA1, a daidai inda tufka biyu ke haɗa kai, kuma ya fi yawa a Afirka ta Yamma bisa ga Turai. Akasarin masu shi lafiyarsu lau. Amma yaron da ya gaji aibi daga uwa da uba yakan yi fama da matsanancin ƙarancin jini tun yana jariri, ƙwayoyinsa na farfashewa a zafin digiri 45 zuwa 46, alhali lafiyayyu sai sun kai 49. Gwajin sikila da ake yi wa masu niyyar aure himogulobin kawai yake dubawa, ba ya nuna wannan aibi. Hanya mafi sauƙi ta gano shi ita ce a shafa ɗigon jini a gilashi a duba siffar ƙwayoyin da madubin likita.