Fuskoki biyar da hannu ɗaya: wani tsohon zanen tawada daga Milan

A damanar bara, ina shirya darasin tarihi kan zamanin farfaɗowar ilimi a Turai, na ci karo da hoton wani zane a intanet. Takarda ce guda, tsawonta kamar santimita 26, da kyar ta fi shafin kaye girma, an zana mata fuskoki biyar da alƙalami da tawada. Na kai aka yi mini fotokopi, na raba wa ƴan ajina uku-uku, na ce su duba su gaya mini wane ne mutumin kirki a ciki, wane ne kuma ɓarawo.

Ba su ɓata lokaci ba. A tsakiya akwai wani dattijo mai rawanin ganye a ka, haɓarsa ta turo gaba, yana kallon gefe cikin natsuwa kamar basarake. Shi suka ba kirki. Ɓarawo kuwa, galibinsu suka nuna wanda ke baya, wanda ya ɗaga kai ya wangame baki har ana hango maƙogwaronsa. Wasu suka zaɓi na kusa da shi mai hanci kamar bakin shaho, saboda irin kallon da yake yi ta ƙasan gira. Babu wanda ya lura cewa tsohuwar da ke hagu, mai murmushi ba haƙora, ta zagayo da hannunta ta bayan dattijon.

Mai zanen shi ne Leonardo, ɗan garin Vinci kusa da Fulorans a Italiya, wanda aka haifa a 1452 ya rasu a Faransa a 1519. Shi ne dai mai hoton Mona Lisa da ke Paris. Wannan takarda ya zana ta wajen 1493, lokacin da yake aiki a fadar Ludovico Sforza, mai mulkin Milan. Yau tana ajiye a fadar Windsor ta Ingila tare da wasu ɗaruruwan zanensa.

Tawadar ma abin dubawa ce. Turawan wancan zamani suna jiƙa wasu ƙulle-ƙulle da ke fitowa a jikin itacen da Faransawa ke kira shen, su haɗa ruwan da gishirin ƙarfe, su sa ƙaro don ta kama takarda. Duk wanda ya taɓa zama wurin dukawa ya ga yadda fatar da aka jeme da bagaruwa ke yin baƙi in ta haɗu da ruwan ƙarfe ya san sirrin, don aikin ɗaya ne. Irin wannan tawada baƙa ce tana sabuwa, da tsufa sai ta koma ja-ja kamar ruwan shayi, shi ya sa zanen yake da wannan launi yanzu. Kuma ba ta goguwa. Layin da alƙalami ya ja ya jawu ke nan, don haka sai mai zane ya san fuskar a kansa kafin ya tsoma alƙalami. In kuka ƙura ido ga ƙananan layukan inuwa za ku ga sun gangaro daga hagu ta sama zuwa dama ta ƙasa, alamar bahago. Leonardo bahago ne, har rubutunsa daga dama yake farawa. Na kan tuna wannan duk lokacin da na ga ana dukan hannun yaro a aji don ya riƙe alli da hagu.

Ta yaya ya san fuskoki haka? Giorgio Vasari, wanda ya wallafa tarihin masu zanen Italiya a 1550 ya sake faɗaɗa shi a 1568, ya ba da labarin cewa in Leonardo ya hangi mutum mai fuska ta daban, sai ya yi ta bin sa yini guda, ya koma gida ya zana shi da ka kamar yana gabansa. A cikin rubuce-rubucensa shi kansa ya shawarci masu koyo su riƙa yawo da ɗan littafi a ɗamara, su lura da mutane in suna gardama ko dariya ko faɗa. Har hanci ya rarraba: iri goma in an kalle shi ta gefe, iri goma sha ɗaya ta gaba, don mai koyo ya haddace su kamar baƙaƙe. Bayan ƴan shekaru wannan horo ya yi masa rana, lokacin da ya zana cin abincin ƙarshe na Annabi Isa da almajiransa a bangon wani ɗakin cin abinci na masu ibada a Milan, aikin da ya kammala wajen 1498. Mutum goma sha biyu sun ji magana ɗaya, cewa ɗayansu zai ci amana, amma kowa da yadda fuskarsa da hannuwansa suka karɓe ta.

Shekaru da yawa masana sun ɗauka fuskokin nan biyar misalai ne na halayen ɗan Adam, ko nau'o'in hauka. Fassarar da masu kula da zanen a Windsor suka tsaya a kai ta fi sauƙi, ta kuma fi ɗaci. Dattijon ya miƙa hannunsa na dama ga matar da ke gabansa don ta duba masa tafi ta faɗa masa abin da ke gaba. Tun da daɗewa wani ya datse gefen takardar, shi ya sa ba a ganin hannuwan. Yana can yana sauraron duba, tsohuwar hagu tana lalubar jakar kuɗinsa, na baya suna shewa. Mutanen huɗu kuwa an zana su ne a matsayin ƴan ƙabilar Rom, waɗanda Faransawa ke kira Tsigan, makiyaya hanya da asalinsu ya fito daga Indiya, suka iso Italiya wajen 1422. A watan Afrilu na 1493 hukumar Milan ta fitar da doka ta kore su daga ƙasarta.

A nan ne zanen ya fara damuna. Leonardo ya rubuta ƙarara cewa duban tafi da karanta halin mutum daga siffar fuskarsa ba su da tushen ilimi. Iyakar abin da ya yarda da shi, wasu layuka na fuska suna nuna abin da mutum ya saba yi, kamar yawan dariya ko yawan fushi. Amma ga shi a shekarar da ake korar wata al'umma, ya ɗauki alƙalami ya ba su munanan fuskoki, ya ba wanda suke cuta fuskar manyan Rumawa na jikin tsofaffin kuɗi. Ban ce ya yi haka da mugun nufi ba, wataƙila abin dariya ya shirya wa ƴan fada, kuma dattijon ma ai dariya ake masa, tun da girman kansa ne ya kai shi. Duk da haka ƴan ajina, da ba su taɓa jin sunan Rom ba, cikin minti biyu suka raba kirki da sata bisa kyau da muni. Zanen ya yi aikinsa a kansu bayan shekara 500.

Wannan tunani bai mutu da zamanin Leonardo ba. A 1876 wani likita ɗan Italiya, Cesare Lombroso, ya fitar da littafi yana iƙirarin cewa ana gane mai laifi tun daga haihuwa ta muƙamuƙi da kunne da siffar kai. An karanta shi a jami'o'i da kotuna kafin bincike ya rushe shi. Ƴan Rom kuwa, a yaƙin duniya na biyu gwamnatin Hitila ta auna kawunansu da fuskokinsu, ta hallaka dubban ɗaruruwansu.

Mu ma muna cewa labarin zuciya a tambayi fuska, kuma akwai gaskiya a ciki. Uwa tana ganin zazzaɓi a idon ɗanta kafin jikinsa ya yi zafi. Malamin da ya daɗe a aji yana gane wanda bai karya kumallo ba. Amma karin maganar labari ta ce, wato abin da ke faruwa a zuciya yanzu, ba ta ce hali ba. Ni na taɓa haɗa su. Shekarata ta biyu da fara aiki, akwai wani yaro a bencin baya da kullum yake kallona da gira a haɗe, ido a tsuke. Na sa masa suna mai taurin kai a raina, na daina kiransa in ya ɗaga hannu, har na rubuta haka a takardar sakamakonsa. Sai da mahaifinsa ya zo ya ce, "Mushe, yaron nan ba ya ganin tablo ne," sannan na gane tsuke idon ƙoƙarin karatu ne. Wata shida na yi ina hukunta shi a kan ciwon ido.

Zanen kansa ya sha yawo kafin ya tsira. Almajirin Leonardo, Francesco Melzi, shi ya gaji takardun ya riƙe su har mutuwarsa wajen 1570. Daga nan suka faɗa hannun wani masassaƙin gumaka, Pompeo Leoni, wanda ya manna su cikin manyan kundaye ya tafi da su Sifaniya. Kundi ɗaya ya ƙetara Ingila, kuma zuwa 1690 yana hannun gidan sarauta. A tsakani an yi ta kwafar munanan fuskokin nan ana bugawa ana sayarwa, har a ƙarni na 17 da na 18 mutane da dama a Turai ta su suka san hannun Leonardo.

Da na nuna wa ƴan ajin hannun tsohuwar, aji ya kaure da hayaniya, kowa na cewa ai ya kusa gani. Wata yarinya a benci na biyu ta ce, "Mushe, da ita ce kyakkyawar, da ma ba mu duba wajenta ba sam." Na ce su juya takardar su rubuta abin da kowane mutum a zanen yake yi, ban da yadda yake kama. Layi biyar kawai na nema, amma har aka buga ƙararrawa rabinsu ba su gama ba, don kalmar mugu da kalmar mummuna sun yi ta dawowa bakin bik ɗinsu suna sokewa.