Pegasus: saƙon tes ɗin da ya tona asirin manhajar leƙen asiri

1/ Jama'a, yau tarihin Pegasus zan ba ku, manhajar da ke mayar da wayar mutum ɗan leƙen asiri a cikin aljihunsa. Ku biyo ni a hankali 🧵

2/ A watan Agustan 2016, Ahmed Mansoor, ɗan rajin kare haƙƙin ɗan Adam a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ya samu saƙon tes. Wai ga sabbin bayanan sirri kan yadda ake azabtar da fursunoni, ya danna link ya gani. Da yake an sha yi masa kutse a baya, bai danna ba. Sai ya tura wa masu bincike na Citizen Lab a Jami'ar Toronto, Kanada.

3/ Suka buɗe link ɗin a wata iPhone ta gwaji. Ashe kafofi uku ne a tsarin wayar da Apple kansa bai san da su ba. Da Mansoor ya danna, shi ke nan: a karanta saƙonninsa, a kunna makirfo da kyamara, a san duk inda ya taka. Bincike ya kai ga kamfanin NSO Group na Isra'ila. Ranar 25 ga Agusta Apple ya fitar da iOS 9.3.5 ya toshe kafofin.

4/ NSO na cewa gwamnatoci kaɗai yake sayar wa, don kama 'yan ta'adda da miyagu. To amma Mansoor ba ɗan ta'adda ba ne. A 2017 aka kama shi, a 2018 aka yanke masa shekara 10.

5/ Daga nan salo ya canza. A 2019 an kai wa wayoyi kusan 1,400 hari ta kiran WhatsApp. Ko ba ka ɗaga ba, manhajar ta shige. WhatsApp ya maka NSO a kotu a Amurka.

6/ A Yulin 2021, Forbidden Stories da Amnesty International tare da kafofin yaɗa labarai suka bankaɗo jerin lambobi kusan 50,000 da ake zargin abokan cinikin NSO sun ware. Akwai 'yan jarida da 'yan adawa, har da lambar Macron na Faransa. A Nuwamba Amurka ta saka NSO a baƙin littafinta na kasuwanci.

7/ Ni dai abin da na ɗauka: "kar ka danna link" shawara ce mai kyau, amma ba ta isa ba tun 2019. Kafar da aka gano, sabunta waya ne kawai ke toshe ta. Wannan update ɗin da kake ta cewa "sai anjima" don gudun cin data, sau da yawa gyaran irin wannan ɓarakar ce.

8/ Pegasus tana da tsada, ba kowa ake nema da ita ba. Amma da zarar an bayyana kafa, ƙananan ɓarayi ma sun samu hanya. Ka duba wayarka yau: yaushe rabon ka sabunta ta?