Liyari, dala da anini: mu san darajar tsofaffin kuɗin gida kafin mu saida

 Gidaje da yawa akwai ɗan ƙunshin tsumma a gindin adaka ko cikin kwalla, mai tsofaffin kuɗin ƙarfe da kaka ta bari. In hatsi ya ƙare a rumbu, ko anka tashi rabon gado, sai a tuna da shi. Wasu su saida shi da arha, wasu su ɗora mashi burin miliyoyi. Ga abin da kowane iri yake, da yadda ake gane darajarshi.

Wuri

Shi ne kuɗin kakanninmu, kuma kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce. Daga tsibiran Maldib na tekun Indiya ake kawo shi. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya kira kanshi Abdulkarim, ya ratsa Tasawa da Gazawa a watan Janairun 1851 kan hanyarshi ta Katsina. Ya rubuta cewa a Kano wuri 2,500 ke sayen tsabar azurfa guda. Yau wuri ya zan kayan ado, ba shi da tsada.

Liyari

Babbar tsabar azurfa ce ta ƙasar Ostiriya. Gefe guda hoton sarauniya Mariya Tereza, ɗaya gefen gaggafa mai kai biyu. Fatake sunka kawo ta ta hanyar Sahara, mata sunka riƙa rataya ta a wuya, maƙeran farfaru na narka ta su yi zobe da munduwa. Nauyinta garam 28, azurfa tsantsa a ciki garam 23 da ɗan ɗoriya.

Ku lura da nan, don nan ake cutar mutane. Kusan kowace liyari da za ku gani tana ɗauke da shekarar 1780, shekarar da sarauniyar ta rasu. An ci gaba da buga ta da wannan shekara a Ostiriya, da Landan, Faris, Roma da Bombai, har adadin ya wuce miliyan 300, kuma har yanzu ana buga ta. Don haka 1780 ba shaidar tsufa ba ce. Mafi yawan liyari darajarsu ita ce azurfar da ke cikinsu.

Dala da tamma

Da Faransawa sunka zo, babbar tsabarsu ta tamma biyar ita munka kira dala. Nauyinta garam 25, azurfar ciki garam 22 da rabi. Sunan ya bi mu har cikin kuɗin sefa, da anka ƙirƙiro ranar 26 ga Disamban 1945, shi ya sa har gobe sefa 100 muke ce mata dala ashirin. Amma tsabobin sefa da muke cefane da su babu azurfa ko zinariya a ciki. Jajayen dala guda, dala biyu da dala biyar, gamin tagulla ne da wasu ƙarafa. Dala hamsin mai launi biyu, da ta fito a 1992, ita ma haka. Akwai dai kuɗin tunawa na zinariya da azurfa masu hoton shugaba Diori Hamani da shekarar 1960. Ba don kasuwa anka yi su ba, kuma da wuya a gan su a ƙauye.

Anini, kwabo da sule

Waɗannan na Ingilishi ne, sun shigo mana ta Katsina da Jibiya. Anini da kwabo suna da huda a tsakiya, da tauraro mai tsini shida, da rubutun Larabci. Anini goma ke kwabo guda, kwabo sha biyu ke sule guda. An buga su da yawan gaske, kuma babu ƙarfe mai tsada a cikinsu. Sule da fataka masu bishiyar kwakwa, na 1913 zuwa 1919, azurfa ne. Na bayan 1920 jajaye ne, babu azurfa.

Abin da ke sa tsaba tsada

Abu uku ne: ƙarfen da anka yi ta da shi, ƙarancinta a duniya, da lafiyar jikinta. Masu tara tsofaffin kuɗi suna son wadda zanenta bai goge ba. Wadda anka huda ko anka liƙa ma kunne don ratayawa, kuɗin ƙarfenta kawai za a ba ku. Kada ku goge ta da toka, yashi ko tsamiya don ta yi ƙyalli, gogewa na rage mata daraja.

Yadda za mu gwada

Mu kai ta wajen maƙerin azurfa a ɗora a ƙaramin sikeli gabanmu. Liyarin da ta gaza garam 28 da nisa, a yi shakkarta. Maganaɗisu ba ya kama azurfa, amma ba ya kama tagulla ma, don haka shi kaɗai bai isa shaida ba. Azurfa in anka ɗan ƙwanƙwasa ta, ƙararta na daɗewa. Daga nan mu tambayi farashin garam guda a ranar, mu ninka sau 23. Mai saye zai rage ribarshi, amma mun san inda ciniki zai soma. Mu ji bakin mutum biyu ko uku, ko da sai mun je Maraɗi. Ƴan uwa na ƙetare, a aiko muku hoton gaba da baya ku bincika kafin a sallama.

Ajiya ce ko jari?

Azurfa ba ta mutuwa da doka. Mun ga sefa ta rasa rabin darajarta a Janairun 1994, mun ga bankin BCEAO ya janye tsofaffin takardun kuɗi a ƙarshen 2004, wanda bai canza nashi ba ya tashi da takarda. Sai dai farashin azurfa na hawa yana sauka, kuma ba ta haihuwa kamar akuya. Kada a saida gona ko iri don sayen ta. Wanda ya tara da yawa ya tambayi malam batun zakka, nisabin azurfa wajen garam 595 ne, kusan liyari 26.

Duk wanda ya ce anininku na da sinadarin miliyoyi, amma ku fara biyan kuɗin gwaji ko na mota, ɗan damfara ne. In kuma kayan gado ne, a ƙirga su gaban magada duka, mata da maza, a auna, a rubuta, kafin tsaba guda ta fita gida.