Ƙwarya da Ma'aunin Danto: Ina Iyakar Fasaha da Sana'ar Hannu?

Tun 1994 da Yayoi Kusama ta dasa ƙatuwar kabewarta, ruwan ɗorawa mai ɗigon baƙi, a bakin teku a tsibirin Naoshima na Japan, kabewa da danginta suka sami mazauni a sassaƙar zamani. Da guguwa ta yi awon gaba da ita a Agustan 2021 sai da labarin ya zaga duniya, a Oktoban 2022 kuma aka sake dasa wata. Babu mai musun cewa wannan fasaha ce. Ƙwaryar da mace ta zane da wuƙa mai zafi a Adamawa kuwa, har yau cikin sana'o'in hannu ake lissafa ta, sai fa in wani ya zuba siffarta da tagulla ko ya zana ta a allo. Bayanin ƙoren arewa maso gabashin Nijeriya ya riga ya wadata (Chappel 1977, Berns da Hudson 1986), ba sai an maimaita ba. Abin da ya dame ni shi ne ma'aunin da ake raba biyun da shi.

Babu wanda ya tsara wannan ma'auni kamar Arthur Danto, a maƙalar da ya rubuta don baje kolin ART/artifact da Susan Vogel ta shirya a New York a 1988. Ya ƙaga misalin al'ummu biyu, kowacce tana gina tukwane tana saƙa kwanduna, kayansu iri ɗaya sak. Ɗaya ta ɗauki tukwane a matsayin masu ɗauke da hikimar kakanni, kwanduna kuwa kayan aiki. Ɗayar akasin haka. Ya ce ido ba zai iya rabewa ba. Aikin fasaha shi ne wanda wani tunani ya zauna a jikinsa, kayan aiki kuma shi ne wanda bayaninsa ya ƙare a kan amfaninsa. A yi masa adalci, bai ce Afirka ba ta da fasaha ba. Amma wanda duk ya karɓi wannan rabo zai ga kabewar Kusama ta tsallake, domin ba a miya da ita, ƙwarya kuma ta faɗi, domin ana dama fura a cikinta. Alfred Gell (1996) ya ba shi amsa da misalin tarkon mafarauci. Ni ta wata hanya zan bi: na karɓi ma'aunin yadda yake, in auna ƙwarya da shi.

A tsakanin Woɗaɓen Nijar, mace tana da ƙoren da ba a tatsar nono a cikinsu. A naɗe suke, tana ƙaura da su, sai ranar taron worso ta kwance ta jera su bisa tsari, manya da ƙanana, jama'a su zo kallo. Wane amfani ne ya ƙare bayanin waɗannan? A wajen Ga'anda, Berns ta nuna cewa zanen da mata ke ƙonawa a jikin ƙwarya yana da dangantaka da tsagar da ake yi wa yarinya mataki-mataki kafin aure. Idan wannan ba tunani ba ne da ya zauna a jikin abu, to da wuya a ce ɗigon Kusama shi ne.

Mai kare Danto yana da abin cewa, kuma ba ƙarami ba. Zai ce jere nuna arziki ne. Hujjarsa tana ɗakin amaryar Hausawa: da tasoshi da kwanukan sha masu fenti suka shigo, sai ƙwarya ta sauka daga jere, daga baya su ma tangaran ya ture su. Da ma'anar tana jikin ƙwarya, in ji shi, da ba a musanya ta da kwanon kanti ba. Rabin wannan magana gaskiya ne. Sai dai nuna arziki bai taɓa fitar da abu daga fasaha ba. Zane-zanen kayan tebur na Holan a ƙarni na 17 cike suke da kofunan azurfa da tangaran na Sin, babu wanda ya sauke su daga bango don haka. Ɗaya rabin kuwa ya tilasta mini rage da'awata. Ba kowace ƙwarya nake karewa ba. Masakin surfe da ludayin koko da ƙwaryar da gyartai ya ɗinke sau uku, mai yiwuwa kayan aiki ne kamar yadda Danto ya faɗa. Abin da shaida ta ba ni damar cewa shi ne, aikin fasahar jeren ne gaba ɗayansa: zaɓin girma, tazara, abin da aka sa gaba da abin da aka ɓoye. Shi ya sa ƙwarya ta fita, jere bai mutu ba.

A nan ne nake ganin masu nazarin zanen ajiyayyun kaya sun yi sakaci. Sa'ad da Juan Sánchez Cotán na Sifen ya zana kabeji da kokwamba a bakin taga wajen 1602, aikinsa na fari shi ne jerawa, fenti daga baya ya zo. Dole ya yi fenti, don kayansa masu ruɓewa ne, kamar yadda dole Kusama ta nemi roba mai ƙarfi, don kabewa ba ta shekara biyu. Duma kuwa bushewa yake yi ya riƙe siffarsa. Macen da ta jera ƙorenta ba ta buƙatar allo ya tsayar mata da su. Ta yi aikin farko, na biyun yanayin duma ya ɗauke mata. Rashin allo ba zai zama rashin fasaha ba.

Saboda haka, a ganina, gidan tarihin da ya ɗauko ƙwarya guda ya kulle a gilashi, ya rubuta sunan ƙabila a ƙasanta, shi ne ya mayar da ita kayan aiki, domin ya raba ta da tsarin da ke ɗauke da ma'anarta. Masu shirya baje koli a Kano da Jos da Yamai su riƙa kawo jeren cikakke, su bar mai shi ta jera da hannunta, su kuma rubuta sunanta kamar yadda ake rubuta na Kusama.