Daga akwatin shayi zuwa teburin mai zarto: tarihin filawud ɗin birch

Akwai wani zarto da bakinsa bai fi kaurin zaren ɗinki da yawa ba. Ana huda katako, a zura bakin ta cikin hudar, a ɗaure shi sama da ƙasa, sannan a bi zane ana juya katakon har fure ko harafi ya fito. A ƙasar Jamus aka fara ƙera irin wannan baki tun ƙarni na 16, kuma da shi ne André-Charles Boulle, kafintan Sarki Louis na 14 na Faransa, ya yanka tagulla da ƙoƙon kunkuru ya ƙawata kayan fada. Wajajen 1766 wani mai zana taswira a Landan, John Spilsbury, ya manna taswira a kan katakon mahogani, ɗan'uwan maɗacinmu, ya yanyanka ta bisa iyakokin ƙasashe domin yara su harhaɗa.

A ƙarshen ƙarni na 19 aikin ya fita daga hannun gwanaye ya shiga gidajen talakawan Ingila da Amurka. An sami zarton da ake takawa da ƙafa kamar keken ɗinki, kamfanin Hobbies kuma da ke garin Dereham ya soma buga mujallar zane-zane a 1895. Sai dai katakon ne ya riƙa ba su kunya. Kowane itace yana da jijiya da ta miƙe gefe guda, idan aka yanka siririn reshen fure a gicciye da ita, taɓawa kaɗan sai ya ɓalle. Aikin mako guda kan lalace a yankan ƙarshe.

Maganin ya zo daga inda ba don su aka yi shi ba. A birnin Tallinn na Estoniya, wanda lokacin yake ƙarƙashin daular Rasha, masana'antar Luther ta kama yin mazaunin kujeru da filawud a shekarun 1880. Ana jiƙa gungumen itacen birch a ruwan zafi, a ɗora shi kan inji yana juyawa, wuƙa tana feraye shi kamar ana warware bandir ɗin yadi. Sai a jera fallayen da gam, jijiyar kowane falle ta gicciye ta wanda ke ƙasansa. A 1897 aka kafa kamfanin Venesta a Landan domin sayar da wannan katako, kasuwarsa mafi girma kuwa ita ce akwatunan da ake zuba ganyen shayin Indiya da Silon. Finlan ta bi sahu a 1912 da masana'antar Schauman a Jyväskylä.

Abin da ya bambanta filawud ɗin birch na yankin Baltik da wanda muka saba gani a kasuwar katako shi ne cikinsa. Na kasuwa sau da yawa fuskarsa kyakkyawa ce, cikinsa kuwa tarkacen itace mai laushi da ramuka, bakin zarto na isa wurin sai gefen ya zube. Shi wannan birch ne tun daga fuska har ciki, kowane falle bai wuce milimita ɗaya da rabi ba: mai kaurin milimita 3 falle uku, mai 6 falle biyar, mai 18 falle goma sha uku. Itacen ya girma a hankali cikin sanyi, jijiyarsa matsattsa ce, launinsa fari-fari, layin fensir na fitowa sarai. Ƙarfin filawud ɗin birch ya kai har an sa shi a jirgin yaƙin Mosquito da ya fara tashi a 1940. Aibinsa ɗaya a wurin mai zarto shi ne gam ɗin da ke tsakanin fallayen yana saurin dasashe baki.

A ganina masu wannan sana'a ba su cika lura cewa katakonsu na siyasa ne ba sai a 2022. Rasha ce ta fi kowa fitar da shi. Da ta auka wa Yukren, Tarayyar Turai ta haramta shigo da katakonta, Amurka ta ƙara masa haraji, farashi ya yi sama, falle mai faɗin milimita 1525 kowane gefe da aka saba saye ya yi wuyar samu. Masana'antun Finlan da Latbiya ba su iya cike gurbin ba. A 2024 Tarayyar ta faɗaɗa harajinta zuwa filawud ɗin birch da ke shigowa daga Kazakistan da Turkiyya, bayan bincikenta ya nuna cewa na Rasha ne ake sauya wa takarda.